Shekarar da Na Hana Mijina Ruwa

Sallama ga duk wanda rubutun nan ya iso gare shi, musamman mai jinyar da ke zaune a bencin asibiti ta rasa inda za ta sa kanta. Sunana Binta. 'Yar Kano ce ni, aure ne ya kawo ni Gwaram. Ban daɗe da fita takaba ba, kuma har yau akwai gidajen da in na wuce ake nuna ni da baki, ana cewa ga wadda ta hana mijinta ruwa har ya mutu. Ban zo wanke kaina ba, Allah ya ga komai. So nake wata ta ji, don in nata ya zo ta san abin da ke gabanta.

Mijina sunansa Sabo, amma ni Baban Ummi nake ce masa. Direban bas ne, Gwaram zuwa Kano. Asalinsa Dingaya, can mahaifiyarsa Inna take tare da wansa, Yaya Haruna, manomi. Kamar sauran direbobi, ƙwayar ciwon jiki yake watsawa baki kamar gyaɗa, ya kora da jiƙon da ake sayarwa a robobi a tasha. Na yi faɗa har na gaji.

Takalminsa ne ya fara ƙin shiga. Ya ce ƙiba ce, girkina ne ya karɓe shi. Na ce, "Ina ka taɓa ganin ƙibar da ke farawa daga ƙafa?" Ya yi dariya ya fita da silifa. Mako na zagayowa fuska ta soma tashi da safe, ga ciwon kai, ga amai, abinci kuma ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake ji. Mai kemis ya ce taifod ne. Inna ta aiko da saiwoyi, ta ce shawara ce. Muka haɗa duka biyun, babu abin da ya ragu sai fitsarinsa. Ranar da idonsa ya rufe yana tuƙi wajen Surko, har sai da wani direba ya ƙarasa da fasinjojin, ranar ce ya yarda muka tafi asibiti a Birnin Kudu.

Layin kati, layin ɗaukar jini, je ki dawo gobe, sakamako bai fito ba. Da ƙyar muka ga likita, wani siriri mai tabarau. Ya daɗe yana duba takardun, sannan ya dube ni, ba shi ba.

"Malama, ƙodar mijinki ta tsaya. Ruwa yana da ƙofar shiga jikinsa, amma ba shi da ƙofar fita. Inji ne zai riƙa wanke masa jini yana cire ruwan, sau biyu a mako. Tsakanin wanki da wanki kuwa, ke ce mai gadi."

Ya ɗauko ƙaramar robar ruwa ya ajiye a gabana. Ya ce wannan ce ta yini guda, har da kunu, har da shayi, har da miya. Ban da kanwa, ban da dabino, ban da ayaba, gishiri kuma ɗan kaɗan. Na ce to. A lokacin gani nake kuɗin wankin ne babbar matsalata. Sun kuwa ci mu: sarƙata ta tafi, keken ɗinkina ya bi ta, daga baya bas ɗin ma ta tafi. 'Yarmu Ummi na kai ta Kano wurin mahaifiyata. Amma wallahi robar nan ta fi kuɗin wahalar da ni.

Kun san dai yadda dubiya take a wurinmu. Ba a zuwa hannu rabbana. Wannan ta zo da fura, waccan da kunun kanwa mai zafi, wancan da rubutu cike da kwalba, wanda ya dawo daga Umara ya kawo zamzam da dabino. Kuma ba a ajiyewa a tafi, sai marar lafiya ya sha a gaban mai kawowa, a ce masa sannu, a mayar da kwano wayam. Da farko dabara na yi. In karɓa da godiya, in ce yanzu ya sha magani, anjima zai sha. Fura da kunu in ba 'ya'yan maƙwabta. Rubutu kuwa, sunayen Allah ne, ba a zubarwa a ko'ina, sai in yi bisimilla in shanye da kaina. Na sha rubutun ciwon ƙoda har na fara tunanin ko ni ce marar lafiyar.

Ai kuwa wata ta gan ni ta taga. Kafin mako ya fita labari ya kai Dingaya cewa Bakanuwa tana shanye maganin Sabo.

Inna ta hawo mashin ta zo da fulas ɗin kunun kanwa. Ta zauna a bakin katifa, ta tsiyaya da hannunta ta miƙa masa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, likita ya ce..."

"Likitan ne ya haife shi?"

Na dubi Baban Ummi, ya kawar da kai. Wane ɗa ne zai mayar da hannun uwarsa? Ya shanye, ta ƙara masa, ya shanye. Da muka je wanki na gaba aka ɗora shi a sikeli, nas ta yi min tatas a gaban mutane, ta ce ko so nake in kashe shi. Daga ranar na daina dabara. Duk wanda ya zo da abin sha sai in tare shi a ƙofar ɗaki in ce a shiga a gaishe shi, amma kwano ya tsaya a nan.

Nan da nan ƙafa ta ɗauke. Matan unguwa da muke biki da suna tare suka koma gaisuwar kan hanya. Gidan da ba ya rabo da sallama ya zama sai kukan kaji. In yini ban yi magana da kowa ba sai shi, shi kuma maganarsa ɗaya ce: ruwa. Na sayo ƙanƙara ina fasa masa ƙanana yana tsotsa, ina jiƙa tsumma ina goga masa a leɓe. Sai na lura ya koma yawan alwala, ko lokacin salla bai yi ba. Ashe in ya zo kurkure baki haɗiyewa yake yi. Ni Binta, yau ga ni tsaye a kan mijina yana alwala, ina cewa, "Tofar in gani." Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur.

"Ki ji tsoron Allah, Binta. Ko fursuna ana ba shi ruwa."

Na ɗauke butar na shiga kicin na yi kukana, na fito na ɗora sanwa.

A haka damina ta same mu, kuma ta shekarar ba irin wadda muka sani ba ce. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, katangu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ana gobe ranar wankinsa aka wayi gari ruwa ya yanke hanyar Birnin Kudu, ya tafi da gada. A Dingaya gonaki sun nutse, ɗakunan su Inna sun faɗi, sai ga su da kayansu a ka, ita da Yaya Haruna da iyalinsa, sun sauka a gidanmu. Yanzu kuma babu ƙofar da zan tare.

Na kira nas ɗin ɗakin wanki. Ta ce ko tsuntsuwa ce ni na ɗauko shi na kawo, ba abin da za su iya. Ambaliya ta shiga rijiyar da injinan ke sha, ruwan ya gurɓace, motar kayan aiki kuma ta maƙale a hanyar Kano. "Ki raba robar nan biyu," in ji ta, "rabi a yini, har Allah ya kawo mafita."

Ruwa a tsakar gida har idon sawu, ruwa yana yoyo ta rufi, ni kuma ina auna wa mijina a murfin roba. Ranar wanki ta wuce, ta biyu ma ta wuce. Ƙafafunsa suka yi sumul suna ƙyalli, ciki ya tashi, kwanciya ta gagara, sai dai a jingina shi da bango yana jan numfashi sama-sama. Na kife randar ɗakinmu. Robar kuwa a ƙugu nake ɗaure ta, ko bayi zan shiga da ita nake zuwa.

Inna tana zaune a ƙofa tana share hawaye, tana cewa ɗanta zai mutu da ƙishi tana kallo. Ban ga laifinta ba, wallahi ko ni ce uwar haka zan ce. Yaya Haruna ya ratsa ruwa ya je wurin wani malami, ya dawo da jarka guda ta rubutu, ya ce an ce a shanye kafin rana ta faɗi. Na tsaya tsakaninsa da katifar, ni da tunda nake ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba.

"Yaya, ka yi min rai. In ya sha wannan ba zai kai gobe ba."

"Ke ce Allah? Matsa nan!"

"Ba zan matsa ba."

Ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Sabo, kana ji kana gani? Ka sallami yarinyar nan ta koma Kanonsu, mu yi jinyar abinmu."

Baban Ummi idonsa a rufe, bai ce na sake ta ba, bai kuma ce ku ƙyale ta ba. Shirun nan har yau ban san yadda zan fassara shi ba. Yaya ya dire jarkar ya ce in ya mutu a wuyana, ya fita. Daga nan ko gaisuwata ba mai amsawa a gidan. In dafa, a ci, a turo min kwanuka. Na kira mahaifiyata don in ji muryar wani nawa, da ta ɗauka sai kawai na ce lafiya lau muke.

A cikin mako na biyu wayata ta yi ƙara. Nas ce. Ta ce baƙi sun zo daga ƙasashen waje da kaya, an tayar da injina, ana bin masu wankin ƙoda ɗaya-ɗaya, mu kai shi bakin ruwa akwai kwale-kwale yana jira. A amalanke aka tura shi. A nan dai Yaya ya yi abin kirki, shi ya tura har bakin ruwan, ya ɗauke shi a kafaɗa ya sa a jirgi. Inna ta ce ƙafarta ƙafarsa. Muka ƙetare, motar asibiti tana tsaye a ɗaya gefen.

Asibitin ya canza kama. An kafa rumfunan tamfol, ga wani babban inji a kan tirela yana tace ruwa, ga kwalaye jibge da rubutu iri-iri da ban san harshensu ba. Wani Bature, rana ta mayar da shi ja, yana durƙushe cikin taɓo yana ɗaura bututu tare da makanikin asibitin, suna magana da hannu. Daga baya na tambayi nas ko su wane ne. Ta ce likitocin ƙoda na ƙasashe daban-daban suna da wata yarjejeniya a tsakaninsu. Duk inda aka yi girgizar ƙasa ko ambaliya, su tambayarsu ta farko ita ce ina masu wanki, don mai yunwa zai iya jira, mai wanki ba zai iya ba. Wata ƙasa ta aiko da matatun jini, wata da injin ruwa da mai gyaransa, wasu da ma'aikata, likitocinmu kuma suna gaba tunda su suka san mutanensu. Na yi ta mamakin wai akwai wanda yake can wata uwa duniya, bai san Gwaram ba, amma ya kwana da tunanin irin Baban Ummi, alhali maƙwabciyata ta daina amsa sallamata.

Ba kowa aka samu ba. Akwai wani dattijo daga Surko da muke haɗuwa a benci, kullum da 'yar rediyonsa. Na tambaya, aka ce kwale-kwale ya je, ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Wadda ta jona Baban Ummi a inji wata doguwar mata ce mai farin mayafi, Sista Nafisa, daga Sudan. Sai ji muka yi ta ce, "Sannunku da wahala," da wata irin Hausa ta tsofaffi, tana jan kalmomin. Ashe kakanninta daga ƙasar Kano suka tashi da ƙafa za su Makka, suka yada zango a can, zama ya kama su. Inna ta saki baki tana kallonta.

Ni ban sani ba, ashe Inna ta ɗuro rubutun nan a kwalba ta ɓoye a mayafi. Ana cikin wanki ta matso ta fito da ita. Na miƙe, amma Sista ta riga ni. Ba ta yi tsawa ba. Ta durƙusa a gaban Inna, ta karɓi kwalbar da hannu biyu.

"Inna, mu ma can muna wanke allo mu sha. Amma albarkar ba a yawan ruwan take ba. Ki tsoma yatsa ki ɗiga masa a harshe, sauran ki shafa masa a jiki."

Da aka gama, ta ɗebo ruwa a wani babban jug ta ajiye a gaban Inna. Ta ce kwatankwacin wannan aka cire daga jikinsa yau, kuma da saura. Ta ce da an ƙara masa ko rabin haka a gida, da huhunsa ya cika kafin jirgi ya zo. Sannan ta tambaya wa ke ba shi ruwa. Inna ta nuna ni da haɓa. Sista ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar uwa." Tunda aka fara ciwon nan ba wanda ya taɓa faɗa min haka. Na zagaya bayan rumfa na yi kuka har da majina.

Inna kuwa cewa ta yi, "To, tunda Balarabiya ta faɗa." Oho dai! Ni da na yi wata da watanni ina faɗa da Hausa tsantsa ba a ji ba, sai da aka ƙetaro ƙasashe aka maimaita. Daga ranar da yatsa take ɗiga masa, amma tsakanina da ita bai wuce ina kwana ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk jinyar. Wani abokin aikin Baban Ummi ya ba mu ɗaki a bayan shagonsa a Birnin Kudu. Wanki sau uku a mako, kyauta. Kumburi ya saɓe, fuskarsa ta dawo, har tsokanata yake yi yana ce min sajan. Wata rana muna dawowa a hankali ya ce, "Ranar da Yaya ya ce in sake ki, numfashin da zan yi magana ne ba ni da shi." Na ce, "Da kana da shi me za ka ce?" Ya yi murmushi ya ce in bar tone-tone.

Sai aka gyara hanya. Baƙo raɓa ne, suka fara naɗe tamfol. Sun bar injin ruwan, sun koya wa makanikinmu yadda ake kula da shi, sun bar kwalaye masu yawa. Allah ya saka musu da alheri, ya tsare su duk inda suke, don sun ƙara min watanni da mijina. Amma zan faɗi abin da ke raina. Na tambayi Sista, in kwalayen nan suka ƙare wa za mu kira? Ta sunkuyar da kai ta ce an kira su wani wurin da ruwa ya ci. Yarjejeniyarsu ta ranar masifa ce, ranar da duniya ke kallo. Mai wankin ƙoda kuwa da iyalinsa, ko rana ake ƙwallawa a cikin ambaliya suke. In akwai mai iya kai maganar nan inda za a ji, ya kai.

Bayan kaka kwalaye suka ƙare, biya ya dawo. Gonaki ruwa ya cinye, Yaya ko yana so ba shi da buhun da zai sayar. Su Inna suka koma Dingaya gyaran ɗakuna. Wanki sau biyu ya koma sau ɗaya, daga nan ya koma sai ranar da aka samu. Wurin bututun da aka sa masa a wuya don jona shi da inji ya fara ruwa, zazzaɓi ya kama shi ya ƙi sauka.

Ke da za ki yi jinya irin wannan, ki ji. In ƙafa ta kumbura kada ki tsaya wurin mai kemis. Ranar da likita zai yi bayani ki tafi da uwar miji da babban wansa, su ji da kunnensu, kada ki zama ke kaɗai ce mai ɗauke da maganar. In damina ta kama, ku matsa kusa da inji tun hanya tana nan. Kuma ki shirya zama ke kaɗai, don mutane suna yafe rowar abinci, ba sa yafe rowar ruwa.

Da bazara likitan nan mai tabarau ya kira ni gefe. Ya ce jikin ba zai ƙara ɗaukar inji ba, in kai shi gida, duk abin da yake so in ba shi.

"Har ruwa?"

"Har ruwa, Malama."

Muka dawo Gwaram. Na aika Dingaya, aka ce suna tafe. Gidan shiru, daga ni sai shi. Na wanke randa na cika, na bar ta ta yi sanyi. Da azahar, zafi kamar zai tsaga rufi, na ɗauko babban kwanon sha na cika shi har baki, na tallafo kansa a cinyata. Ya kalli kwanon, ya kalle ni.

"Duka?"

"Duka naka ne, Baban Ummi. Sha. In ya ƙare in ƙaro."

Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ya ƙara na biyu. Sai ya sa bayan hannu ya ture kwanon a hankali.

"Ya isa, Binta. Ajiye sauran, kada gobe ki rasa abin ba ni."

Na roƙe shi ya ƙara, ya girgiza kai. Na rufe kwanon da faifai na ajiye masa a gefen katifa. Kafin su Inna su iso, Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi daga Alkausara, inda ba mai tsayawa a kansa da ma'auni.